Yadda Za Ka Kai Baƙonka Hasumiyar Fitilar Jamestown da Sauran na Bakin Tekun Ghana

Kafin komai, duba ranar da za ka je. Masuntan ƙabilar Ga, mutanen unguwar Jamestown da ke bakin tekun Accra, ba sa shiga teku ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Ranar za ka tarar da kwale-kwale jere a kan yashi, maza sun baje taru suna ɗinke inda ya yage, matan da ke ƙyafe kifi kuma hayaƙinsu ya ragu. In kana son ka ga unguwar tana tafasa, ana sauke kifi ana ciniki da ihu, to zaɓi wata rana. In kuwa da tsoho za ka je, ko da mai ƙananan yara, Talatar ta fi sauƙi. Sannan ka sammako. Daga ƙarfe goma sha ɗaya rana ta fara dukan ƙeya, hawan bene mai tsawo a cikin wannan zafi ba daɗi. Lokacin hunturu, wajen Disamba da Janairu, hazo kan rufe sararin sama har ka kasa rarrabe inda teku ta tsaya. Watan Yuni kuma ruwan Accra ba ya sallama.

Ni tela ne a unguwar Nima ta Accra, gidanmu kuma ba ya rabuwa da baƙi: 'yan'uwa daga Kumasi da Tamale, surukai daga Kano, abokan ciniki daga Yamai. Duk wanda ya sauka, kafin ya gama shan kokon safe zai ce a kai shi ya ga teku. Yawancin mutanenmu bakin tekun Labadi suke kai baƙi, a biya kuɗin ƙofa, kiɗa ya cika wa mutum kunne, a dawo. Ni Jamestown nake kai nawa, saboda a can baƙo zai ga teku, ya kuma ga dalilin da ya sa aka yi gari a wurin.

Hasumiyar da ke tsaye yanzu, mai fenti ja da fari, an gina ta a farkon shekarun 1930, a madadin ta farko da Turawan Ingila suka kafa a 1871. Tsawonta mita 28. Da yake a kan tudu take, fitilar tana sama da ruwan teku da mita 34, kuma an yi ta ne don matuƙin jirgi ya hango haskenta daga mil 16 na teku, wato kusan kilomita 30. A littattafan matuƙa jirgi an rubuta alamarta: walƙiya huɗu ta farin haske, sai ta ɗan yi duhu, ta maimaita duk daƙiƙa 25. Kowace hasumiya da irin tata ƙiftawar. Da haka mutumin da ke tsakiyar ruwa cikin dare yake gane cewa Accra ce a gabansa, ba wani gari ba.

Daga Nima ko Mamobi ka hau trotro, ƙaramar bas ta haya, mai zuwa cikin gari, ka sauka a Tema Station ko Tudu. Daga nan kana iya neman motar da ke bi ta Jamestown zuwa Korle Gonno ko Chorkor, ka ce wa yaron mota "Laitihaus", ya san wurin. Amma in ƙafarka lafiya, shawarata ka taka. Ka kama High Street ka yi yamma, teku tana hagunka. Za ka wuce sansanin Ussher Fort, wanda 'yan Holan suka gina a 1649 kafin ya koma hannun Ingila a 1868. Gaba kaɗan akwai lungun da ake kira Brazil Lane, inda gidan Tabom yake, jikokin 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19, da yawansu kuma Musulmi ne lokacin da suka iso. Sai James Fort na 1673, wanda ya daɗe yana gidan yari. A nan aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951, yana ciki ya ci zaɓe, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kafa gwamnati. Kana wuce bangon James Fort hasumiyar na gabanka. Mutanen Sabon Zango su nasu kusa ne, gadar Korle kawai za su tsallako.

Yanzu ga inda baƙo ke shan wahala in ba shi da ɗan gari. Kafin ka kai ƙofa samari za su tare ka, kowa na cewa shi ne ɗan jagora. Kada ka ɓata rai, kada kuma ka miƙa kuɗi ga na farko da ya yi maka magana. Ka gaishe su da fara'a. In da safe ne ka ce "Ojekoo", gaisuwar Ga ke nan, tana sassauta fuska fiye da yadda kake zato. Sannan ka tambayi wanda makulli ke hannunsa. Hasumiyoyin ƙasar nan suna ƙarƙashin hukumar tashoshin jiragen ruwa ne, akwai mai kula da wurin, kuma ba kullum ake samun ƙofa a buɗe ba. In ka same shi, ku yi magana a gama tun kuna ƙasa: nawa ne kowane mutum, yara nawa ne, ɗaukar hoto yana ciki ko daban, kuma zagayen bakin ruwa da samarin ke tallatawa ciniki ne na dabam ko duk ɗaya ne. Tun ran gini ran zane. Rigimar da na fi gani a wurin duk ta mutanen da suka hau suka sauko ne sannan aka faɗa musu kuɗi. Ka riƙe canji a aljihu, kada ka dogara da momo (biyan kuɗi ta waya) kaɗai, kada kuma ka zaro babbar takarda kana jiran a ba ka canji.

Matakalar ciki murɗaɗɗiya ce, tana nannaɗe da bango har sama, kuma tana ƙara matsewa yayin da kake hawa. Ka bar silifas mai santsi a gida. Mai babbar riga ya tattare ta a kafaɗa, mace ta ɗan ɗage zani ko abaya da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan ƙarfen dafawa. Kada ka riƙe waya kana ɗaukar bidiyo kana hawa, za ka samu abin ɗauka a sama. Yara su shiga tsakanin manya, babba ɗaya gaba, ɗaya baya. Akwai ƙananan tagogi a jikin bango, duk inda ka kai ɗaya ka tsaya ka sha iska. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ko mai juna biyu, babu kunya in ya zauna a ƙasa. Ka shafa bangon da hannunka: za ka ji danshi da gishiri-gishiri, duk ƙarfen da ka gani kuma tsatsa na cin gefensa. Iskar teku ba ta barin ƙarfe ya huta, shi ya sa fenti a wurin nan ba ado ba ne, aiki ne da ba ya ƙarewa.

Da ka fito barandar sama iska ce za ta fara gaishe ka. Wani kawuna da ya zo daga Kumasi, mutum mai son kafa hula a goshi, yana leƙowa iska ta ɗauke masa zanna bukar ɗinsa. Muna kallo tana juyawa a sama har ta sauka a tsakiyar yara masu buga ƙwallo. Na ce, "Kawu, ai da ka cire ta tun a ƙasa." Ya ce, "Kai dai yaro, sauka ka karɓo min kafin su mai da ita ƙwallo." Sai da na sayi ruwan leda na raba musu kafin hular ta dawo. Saboda haka hula a aljihu, gyale a ɗaure, tabarau a riƙe.

In ka samu natsuwa, fara kallonka daga kudu. Ƙasan ƙafarka tashar masunta ce, kwale-kwale masu tutoci kala-kala, na ƙasashe da na ƙungiyoyin ƙwallo, an rubuta musu sunaye da addu'o'i a jiki. Sababbin gine-ginen da ke bakin ruwan na tashar kamun kifin da aka yi da tallafin ƙasar Sin ne, aka buɗe a 2024. Ka juya gabas: rufin James Fort, bayansa Ussher Fort, can nesa in sama ta washe sai fadar Osu, wadda 'yan Denmark suka riƙe. Sansanonin Turawa uku na ƙasashe uku a ɗan wannan tsiri na gaɓa, kowa na gadin kasuwarsa ta zinariya da bayi. Arewa kuma rufin kwano ne mai tsatsa ya cushe, Ga Mashie ke nan, tsohuwar unguwar Ga, da Bukom inda Azumah Nelson da Ike Quartey suka koyi dambe, bayansu kuma dogayen benayen bankuna. Yamma sai tafkin Korle da asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg.

A nan nake tsayar da baƙona in nuna masa abin da ba a gani da ido. Ka dubi ruwan da kyau: babu wani lungu mai zurfi da babban jirgi zai shigo ya jingina. Accra ta zama babban birni a 1877, amma ta yi shekaru fiye da tamanin ba ta da tashar da jirgi zai matso gaɓa. Takoradi ta samu tata a 1928, Tema sai 1962. Kafin nan jirgi can nesa yake jefa anga, sai manyan kwale-kwale masu matuƙa da yawa su keta igiyar ruwa su je su same shi. Buhun koko, gishiri, atamfa, har mutane, duk haka ake kai su ana kawo su. Fasinja a cikin wata kujerar katako ake zaunar da shi, a sauke shi da igiya daga jirgi zuwa kwale-kwale. A cikin kayan da ake fitarwa har da huhun goro. Fatakenmu da suka saba kai goron Asante arewa a kan jakuna, wata da watanni a hanya, sun gano cewa jirgin ruwa zai kai shi Ikko (Legas) cikin 'yan kwanaki bai bushe ba. Alhassan Ɗantata, kafin gyaɗa ta yi masa suna a Kano, wannan cinikin ya yi a farkon ƙarni na 20, tsakanin Accra da Sekondi da Ikko. Fitilar farko ta 1871 ce ke ci a lokacin. Duk ɗan zangon da kakansa ya yi fataucin goro ko dako a bakin ruwan nan, yana da rabo a cikin labarin wannan hasumiya, ko da bai taɓa hawanta ba.

In mai kula da wurin ya bari ka leƙa ɗakin fitilar, kada ka taɓa gilashi. Hikimar hasumiya ba a girman wuta take ba, a gilashin da ke kewaye da ita take. Wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, shi ya ƙirƙiro irin gilashin nan mai zobe-zobe a farkon shekarun 1820, wanda ke tattara hasken da zai watse ko'ina ya harba shi waje guda. Da shi ƙaramar fitila ke kai haske nesa.

Mutane kan sauko su kama hanya, su manta da ginin da ke manne da gindin hasumiyar. Wannan shi ne gidan mai fitila, kuma ni ya fi ba ni sha'awa. An haɗa shi da hasumiyar ne don aikin ba ya son nisa. A zamanin kananzir, mai fitila zai hau da mai kafin magariba, ya gyara lagwani, ya kunna, sannan ya kwana yana lura. A hasumiyoyin da gilashinsu ke juyawa, wani nauyi ne ke sauka a hankali ta tsakiyar ginin yana juya shi, kamar tsohon agogon bango da ake murɗa wa makulli, kuma in nauyin ya kai ƙasa dole mutum ya sake murɗa shi sama, ko ƙarfe nawa ne na dare. Da asuba ya kashe, ya goge baƙin hayaƙi daga gilashi, ya ja labule don kada gilashin ya tara zafin rana ya yi ɓarna, ya rubuta a littafi yadda dare ya kasance. Matarsa da 'ya'yansa suna ƙasa, rayuwarsu duka tana bin lokacin fitila. In ka samu mai kula da wurin yana da sakin fuska, tambaye shi inda ake ajiye mai a da, da inda suke samun ruwan sha, da wanda ya riƙe aikin kafin shi. Irin waɗannan tambayoyin ne ke buɗe bakinsu, ba "shekara nawa da ginawa" ba, wadda suka gaji da amsawa.

Sai dai kada ka je da tsammanin gidan tarihi mai gado a gyare da tukwane a jere. A Ingila, tun da aka sallami masu fitila na ƙarshe a 1998 na'ura ta karɓi aikin, hukumar Trinity House mai kula da hasumiyoyinsu ta gyara gidajensu da dama tana ba masu hutu haya, mutum ya kwana inda mai fitila ya kwana. A Dakar, hasumiyar Mamelles ta 1864 an gyara ta ana karɓar masu ziyara, har da wurin cin abinci. Namu gidajen galibi wuraren aiki ne ko mazaunin ma'aikata. A ganina asara muke yi, don ɗaki ɗaya kacal da tsohuwar fitila da littafin aiki da hotunan kwale-kwalen dako zai ishe ɗan makaranta kallo. Amma tunda haka abin yake, ka ɗauki wurin a matsayin gidan mutane. Ka yi sallama, kada ka tura ƙofar da ba a buɗe maka ba, kada ka ɗauki hoton shanyar wani.

Haka ma in ka gangara cikin unguwa. Mutanen Jamestown sun gaji da baƙin da ke zuwa su ɗauki hoton talaucinsu su tafi. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, musamman wajen matan da ke ƙyafe kifi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi kifin, hira za ta biyo baya. Dattijo ka kira shi Nii, dattijuwa Naa. Filin da ke kusa da hasumiyar, Mantse Agbonaa, ƙofar fadar sarkinsu ce, in ka ga ana wata hidima ka tsaya gefe. A watan Agusta suke bikin Homowo, unguwar kan cika maƙil, ranar ba ranar kai tsoho hawan bene ba ce.

Abinci kuwa, dokunu (dafaffen ƙullun masara) da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da shito (soyayyen yaji), babu inda ya kai nan. Amma ka buɗe ido: a unguwannin Ga ana sayar da domedo, naman alade ne, kuma wani lokaci teburinsa na kusa da na mai kifi. Ka tsaya wurin da kifi kaɗai ake soyawa. Salla kuma, ka fito da alwalarka, in azahar ta same ka ka koma ta Cow Lane ko Tudu, masallatai ba su yi ƙaranci a can ba.

In Jamestown ta shiga ranka, akwai sauran. Daga tashar Kaneshie ka hau motar Cape Coast, ka fita da asuba kafin cunkoson Kasoa. Mutanen Kumasi su ta Assin Fosu za su gangaro. A kan tudun da ke tsakiyar garin akwai Fort William, wanda aka fara ginawa a 1820 don hangen abokan gaba, daga baya a shekarun 1830 aka ɗora masa fitila. Gajere ne, hawan tudun ne aikin, amma daga sama kana ganin fadar Cape Coast da garin gaba ɗaya. A Sekondi kuma Fort Orange na 'yan Holan ne aka mayar hasumiyar fitila. Waɗannan biyun rabin yini ya ishe kowanne.

Wadda ta cancanci wahala ita ce ta Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu. Daga Takoradi ka je Agona Nkwanta, daga nan ka nemi motar ƙauyen. Hanyar ta ratsa gonakin roba da na kwakwar manja, tana da ramuka, da damina kuma sai mota mai ƙarfi. Kada ka ce za ka je ka dawo Accra rana ɗaya. Ka kwana a Takoradi ko Busua, ka tafi da ruwan sha da guzurinka, ka kuma tambayi direba lokacin motar ƙarshe tun kafin ka sauka, don in ta wuce ka sai babur. Hasumiyar da ke aiki yanzu ta 1925 ce, da hasken rana take ci, kusa da ita kuma ga kufan ta farko ta 1875. A nan ne za ka fahimci rayuwar mai fitila sosai, don babu kasuwa, babu hayaniyar gari, daga duwatsu sai igiyar ruwa tana dukansu ta gefe uku, sai 'yan gidajen ma'aikata a bayan hasumiyar. Ka tuna mutumin da aka turo nan da iyalinsa shekaru ɗari da suka wuce, lokacin da ko wannan hanyar mai ramuka babu. Masu son lissafin taswira kuma ga nasu: inda layin Greenwich, wanda ya ratsa ta Tema, ya haɗu da layin da ya raba duniya arewa da kudu yana cikin teku ne, kuma wannan tsiri yana cikin ƙasa mafi kusa da wurin, tazarar kusan kilomita 570. Kada ka sauka kan duwatsun don ɗaukar hoto. Suna da santsi, igiyar ruwan kuma ba ta gargaɗi.

Ta gabas akwai ta Cape St. Paul a garin Woe, kusa da Keta, wadda aka kafa a 1901. Ita ba ginin dutse ba ce, ƙarfe ne aka harhaɗa ya tashi sama, kana hawa kana ganin ƙasa ta tsakanin ƙafafunka, don haka mai jiri ya yi tunani tun a ƙasa. Motar Keta a Tudu ake hawa, ta tsallake kogin Volta a Sogakope, ta bi ta Dabala da Anloga, inda za ka ga gadajen ƙananan albasa shimfiɗe a kan yashi. In ka isa Woe ka gama, ƙarasa Keta ka ga Fort Prinzenstein na 1784, wanda teku ta riga ta cinye wani sashe nasa. Ka sayo albasar a hanyar dawowa, ta fi ta kasuwannin Accra araha, kuma uwargida ba za ta tambaye ka kuɗin motar da ka kashe ba.